Taliyar Shirataki: Tana Cika Ciki, Amma Wa Ya Kamata Ya Ci Ta?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan a shafi saboda 'yan'uwanmu da data ba ta ishe su sauraren murya ba, ko waɗanda sabis ɗin garinsu sai an hau tudu.

Yau maganar abinci za mu yi. Kwanan nan tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a akwatin saƙonmu, mafi yawa daga 'yan'uwa mata, wasu daga nan Birnin Gwari, wasu daga Kaduna da Zariya. Wai mece ce farar taliyar nan da ake tallatawa a TikTok da Instagram, wadda ake cewa ko kwano guda ka cinye ba za ta ƙara maka ƙiba ba? Wasu suna so su saya don rage teɓa, wasu kuma don iyayensu masu ciwon suga. Sunanta shirataki. To bari mu bi ta daki-daki: mece ce ita, yaya ake saye, yaya ake dafawa, sannan mu zo kan tambayar da ta fi damuna, wato wa ya kamata ya ci ta a gari irin namu, wa kuma ya kamata ya yi nesa da ita.

Da farko dai, ba da fulawa ake yin ta ba. Ba alkama a ciki, ba shinkafa, ba masara. Daga saiwar wata shuka ake samo ta mai suna konjak, wadda ake nomawa a Japan da kudancin Sin da wasu ƙasashen yankin. Idan kuna son ku gane ta, ku tuna gwaza. Danginsu ɗaya. Kuma kamar yadda gwaza ke ƙaiƙayi a maƙogwaro idan ba ta dahu ba, haka ita ma saiwar konjak ba ta ciyuwa ɗanya, sai an sarrafa ta. A Japan takan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ta isa a haƙe ta a kai kasuwa, kuma jiha ɗaya mai suna Gunma ita ke noma kusan duk wadda ƙasar ke samarwa. Su can tsohon abincinsu ne, sun yi ɗaruruwan shekaru suna ci a cikin romo da farfesunsu. Kalmar shirataki a harshensu tana nufin farin ruwan da ke kwararowa daga kan dutse, saboda yadda silin taliyar yake fari ƙal.

Yadda ake yi kuwa, ana busar da saiwar a niƙa ta gari. A cikin garin akwai wani abu da ake kira gulukomanan. Wannan wani nau'in fiba ne, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya iya narkarwa ya maida shi ƙarfin jiki, kamar dai dusar hatsi ko yauƙin kuɓewa. Shi wannan yana shan ruwa ba kaɗan ba, ya kumbura ninki-ba-ninki. Sai a dama garin da ruwa mai yawa, a zuba wani sinadarin kalsiyam mai kaifi wanda ke sa shi ya daskare. Kun ga yadda kanwa da kuka ke sa ɗanwake ya kama jikinsa? To kusan haka ne, duk da sinadarin ba kanwa ba ne. Daga nan a matso shi ta ƙananan huji ya faɗa ruwan zafi, ya zama taliya.

Yanzu ku saurari lissafin da kyau, don a nan sirrin yake. Cikin kashi 100 na wannan taliya, kusan kashi 97 ruwa ne zalla. Sauran kashi 3 ɗin fiba ne. Shi ke nan. Babu furotin na a zo a gani, babu mai, babu sitaci, babu bitamin. Shi ya sa ledar giram 200 ba ta wuce kalori 10 zuwa 20. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda ake auna fetur da lita. Ƙaramar ledar Indomie ɗaya ta haura kalori 300. Baligi kuwa yana buƙatar wajen 2000 zuwa 2500 a yini, mai noma ko haƙar ma'adinai ma fiye da haka. Wato masu tallan ba ƙarya suka yi ba da suka ce ba ta sa ƙiba. Abin da ba su faɗa ba shi ne dalili: ba ta sa ƙiba ne saboda ba ta ba jiki komai. Ciki zai cika, ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa an ƙoshi, amma jini da tsoka ba su karɓi ko sisi ba.

To tana rage ƙiba da gaske? A 2010 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa gulukomanan na iya taimakawa wajen rage nauyi, amma da sharuɗɗa: giram 3 a yini, a raba sau uku, a sha da ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin cin abinci, kuma mutum ya kasance dama ya rage yawan abin da yake ci. Ku lura da sharaɗin ƙarshe. Sannan akwai gwaje-gwajen da aka yi waɗanda ba su ga wani bambanci mai yawa ba. Saboda haka taliyar ba ta narkar da kitse, ba ta ƙona teɓa. Aikinta ɗaya ne: ta tare wuri a ciki don kada ka cika shi da abin da ya fi ta nauyi. Idan kika ci shirataki da rana, da dare kika rama da shinkafa kwano biyu da lemon kwalba, wallahi kuɗinki kawai kika zubar.

Mu zo kan saye. Ba a yin ta a Najeriya yadda ake yin taliyar fulawa, shigo da ita ake yi, don haka farashinta yana bin dala. Ba za ku same ta a shagon unguwa ba. Sai manyan kantunan Abuja da Legas, ko wurin masu sayarwa ta intanet, a ɗoro muku a mota. Kafin ku tura kuɗi, ga abubuwan dubawa.

Na ɗaya, ku sa a ɗauko muku hoton bayan ledar ku karanta abin da aka haɗa. Ta asali abu uku ne kacal: ruwa, garin konjak, da sinadarin kalsiyam ɗin nan. Akwai wadda ake haɗawa da awara, ita ta fi laushi kuma tana da ɗan abin gina jiki kaɗan. Akwai kuma busasshiya, wadda galibi ake ƙara mata garin rogo ko na shinkafa, don haka kalorinta ya fi na jiƙaƙƙiyar nesa ba kusa ba. Mai ciwon suga ya kula da wannan sosai.

Na biyu, ku duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Leda mai kumburi, ko mai yoyo, ko wadda ruwan cikinta ya yi kauri yana yauƙi, ku bar wa mai ita.

Na uku, maganar halal. Ita taliyar kanta daga tsiro take, ba matsala. Amma wasu ledojin suna zuwa da ɗan ƙunshin miya a ciki, kuma miyar ƙasashen can wani lokaci akan sa mata giyar girki ko romon alade. Idan ba ku iya karanta rubutun ba, ku yar da ƙunshin ku yi miyarku.

Na huɗu, ku lissafa kuɗin leda ɗaya haɗe da kuɗin mota, ku tuna cewa cin mutum ɗaya ce sau ɗaya. Sai ku tambayi kanku mudun wake nawa wannan kuɗi zai saya ranar kasuwa.

Sai dahuwa. Wanda bai sani ba, yana buɗe ledar zai ce ta ruɓe, saboda wani ƙarni da ke tashi kamar na kifi. Ba lalacewa ba ce, warin ruwan da aka ajiye ta ciki ne. Ga yadda ake yi. A juye ta a kwando a tsiyaye ruwan, a ɗauraye da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku. A sa ta a tafasasshen ruwa minti biyu zuwa uku, wasu kan ɗiga lemon tsami. A tsame. Daga nan sai matakin da mutane da yawa ke tsallakewa: a zuba ta a busasshen kasko, ba mai, a yi ta juyawa a kan wuta kamar minti biyar har ruwan jikinta ya ƙone, kina jin tana ɗan ƙara a kaskon. Wannan ne ke rage mata santsi, ya sa miya ta kama ta. Ku kuma sa almakashi ko wuƙa ku yanyanka ta gajejjeru, don silinta dogo ne kuma ba ya tsinkewa da sauƙi a baki.

Kada ku sa rai za ta yi ɗanɗanon taliyar murji ta manja da yaji. Ba ta da ɗanɗanon kanta ko kaɗan, kuma tana da danƙo, tana ɗan tauri-tauri kamar ganda mai laushi. Duk daɗin yana cikin mahaɗin. Ku soya albasa da attarugu da tattasai da tafarnuwa da ɗan daddawa, ku zuba kabeji da karas ko zogale, ku kawo ƙwai ko kifi ko awara ko nama, sannan ku juye taliyar ta ɗauki minti biyu tana shan miyar. A farfesun kaza ma tana shiga. Amma a kula da mai: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, wato ya ninka ledar taliyar gaba ɗaya sau da yawa. Idan kika yi mata ambaliyar mai, an koma gidan jiya.

Ajiya kuma, ledar da ba a buɗe ba tana zama a inuwa har zuwa ranar da aka rubuta, sai dai in an ce a sa a firji. Wadda aka buɗe sai a sa ta cikin ruwa mai tsabta a firji, kwana biyu ko uku. Ba a sa ta ta yi ƙanƙara, don tana komawa kamar roba. A wurinmu da wuta ba ta da tabbas, in kun buɗe ku dafe a ranar.

Yanzu wurin ci, akwai gargaɗi guda huɗu. Ku tauna sosai, don ba ta narkewa a baki. Ba wasa nake ba: a farkon shekarun 2000 Tarayyar Turai ta hana sayar da wata ƙaramar alawar konjak da ake zuƙa daga ɗan kofi, Amurka ma ta yi gargaɗi a kanta, bayan ta maƙale wa yara da tsofaffi a maƙogwaro har an yi asarar rayuka. Taliyar ba alawar ba ce, amma abu ɗaya aka yi su da shi, don haka ƙaramin yaro da tsohon da haƙora suka zube ba nasu ba ne. Na biyu, ku fara da rabin leda ku sha ruwa da yawa, don tana kawo kumburin ciki da iska, wani ma gudawa. Na uku, mai shan maganin suga ko allurar insulin kada ya musanya tuwonsa da ita kai tsaye ba tare da ya gaya wa likitansa ba. Maganin an auna shi ne daidai da abincin da ya saba ci. In aka cire sitacin gaba ɗaya aka bar maganin yadda yake, suga na iya faɗuwa ƙasa warwas, mutum ya yi jiri ko ya suma. Na huɗu, fiba irin wannan na iya rage yadda jiki ke tsotse wasu magunguna, don haka a ba da tazara tsakanin cin ta da shan magani.

To 'yan'uwa, mu dawo gida. Wannan ɓangaren ne ya sa na yarda mu yi shirin.

Kowa ya san Birnin Gwari ƙasar noma ce. Masara da dawa da wake da shinkafa daga Kuyello, Dogon Dawa, Damari, Randagi, Kakangi, motoci ke kwasa su yi Kaduna da Funtuwa da gaba. Kowa kuma ya san abin da ya faru da mu shekara da shekaru: 'yan bindiga sun mamaye dajin Kamuku da kewaye, gonaki masu nisa suka gagari masu su, wasu sai sun biya haraji kafin su girbe abin da suka shuka da hannunsu, ƙauyuka suka watse. Sai a watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Alhamdu lillahi an samu sauƙi, muna roƙon Allah ya ɗorar. Amma jikin yaron da ya yi shekarunsa na farko cikin ƙarancin abinci ba ya murmurewa a damina ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Fiye da rabi ke nan.

Kun ga ke nan a gida ɗaya za ka iya samun baba mai ciwon suga da hawan jini, da budurwar da ke jin ta yi ƙiba saboda abin da take gani a waya, da matar wa mai shayarwa, da yaro ɗan shekara biyu da bai kai nauyin tsaransa ba. Tukunya ɗaya suke ci. Abin da nake tsoro shi ne a ji ana cewa "taliyar lafiya", sai a ɗauka ta dace da kowa. Cikin yaro ƙarami ne, duk lomar da ta shiga dole ta kasance mai amfani. In kika cika masa shi da ruwa da fiba, zai yi shiru kamar ya ƙoshi, alhali yunwa ce kwance a jikinsa. Haka mai ciki, haka mai shayarwa, haka wanda ya tashi daga jinya, haka wanda zai wuni a gona. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙannena 'yan mata, ku ma ina da magana da ku. Yarinya 'yar shekara 15 ko 17 jikinta bai gama ginuwa ba, kuma kowane wata tana rasa jini. Tana buƙatar wake, ganye, ƙwai, hanta, gyaɗa. In ta koma rayuwa a kan taliyar da ba komai cikinta don ta yi kama da wata a bidiyo, abin da zai biyo baya shi ne jiri, kasala, zubewar gashi da rikicewar al'ada. Da waɗanda ke shan ƙwayoyin ƙiba don su cika, da masu horar da kansu da yunwa don su rame, duk cuta ɗaya ke damunsu: an sa su raina jikin da Allah ya ba su, wani kuma yana cin kasuwa da wannan rainin.

Wa ta dace da shi ke nan? Baligin da ma'aikacin lafiya ya auna ya ce masa nauyinsa ya yi yawa, ko mai ciwon suga da ke kewar taliya kuma likitansa ya sani, wanda yake da halin saye ba tare da ya taɓa kuɗin cefanen gida ba. Shi ma sau biyu ko uku a mako, tare da ƙwai ko kifi da ganye, ba safe, rana da dare ba.

Wanda ba shi da hali fa? Kada ya ji an bar shi a baya. Aikin da shirataki ke yi, wato fiba mai yauƙi ta zauna a ciki ta jinkirta yunwa, ta hana suga hawa da sauri, miyar kuɓewa tana yin irinsa, kuka tana yi, karkashi da lalo suna yi, wake yana yi. Kuma su ba ruwa zalla ba ne, suna tafe da abin gina jiki. Ga dabara mai sauƙi: raba kwanonka gida huɗu. Gida biyu ganye, kwaɗon zogale ko rama ko dafaffen kabeji. Gida ɗaya wake ko ƙwai ko kifi ko awara. Gida ɗaya tuwo ko shinkafa. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru. Lemon kwalba ya koma zoɓo marar suga ko ruwa. Shayi cokali huɗu ya koma ɗaya. A ƙara da tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum. Wannan ba ya buƙatar a jira motar Abuja.

Abu na ƙarshe. Tun da na ce konjak dangin gwaza ce, na san wani zai ce ai akwai irinta a dajinmu. E, akwai danginta na daji a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, irin wadda ake kira gwazar giwa, kuma mutanen da sukan koma gare su ne lokacin fari, bayan doguwar jiƙa da tafasa. Amma ba su ne konjak ba, kuma ɗanyensu yana ƙona baki ya kumbura maƙogwaro. Don Allah kada wani ya je ya tono saiwa ya ce zai yi taliya a gida. In akwai amfanin da za a samu a cikinsu, aikin masana ne, irin na cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru a Zariya. Ɗalibanmu masu karatun noma da kimiyyar abinci, ga abin bincike nan a bayan gidanku.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya taɓa cin shirataki ya faɗa mana yadda ya dafa ta da yadda cikinsa ya karɓe ta. Wanda yake da mai ciwon suga a gida, ya karanta masa wannan, musamman wurin maganar magani. Ku tura wa ƙannenku mata. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu, ya sa albarka a abin da muka shuka. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.